Takardar Kunkuru da Taron Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara aka yi fari a dawa, rafuka suka ƙafe, tafki ɗaya tak ya rage. Zaki, sarkin dawa, ya naɗa Kura sarautar tafkin. Rawani bai gama zama a kanta ba ta sa doka: duk mai son shan ruwa ya kawo ƙwarya guda ta abinci, wanda ba shi da ita ya bar ɗansa jingina. Barewa ta bar nata, Gada ta bar nata, Zomo ya bar biyu. Ba a ga ko ɗaya ya dawo ba.

Da abin ya ishe su, dabbobi suka taru a gindin kuka. Kunkuru ya ce, "'Yan'uwa, ina kyautata zaton sarki bai san abin da ake yi da sunansa ba. Mu rubuta masa takardar koke." Bushiya ta ba da ƙayarta aka yi alƙalami, Kunkuru ya tsara magana cikin ladabi, kowa ya dangwala kofato ko farce a ƙasa. Kunkuru ya yi kwana bakwai a hanya kafin ya isa fada.

A zaure ya tarar da Dila, sarkin fada. Dila ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce, "Sannu da hanya, Malam Kunkuru. Za a duba." Kunkuru na juya baya Dila ya cusa ta ƙarƙashin buzu, gara ta yi kalaci da ita. Aka kai ta biyu, aka kai ta uku, amsar dai ita ce za a duba.

Sai Biri ya haye reshe ya ce, "Kun gani? Mu fita kawai! Sarki ba ya jin magana sai ya ga ƙura." Washegari dawa ta ɗauki ihu, aka yi ɗango zuwa ƙofar fada, ƙasa na girgiza. Zaki ya fito, gabansa na faɗuwa, ya ce, "Me kuke so?"

Biri ya ce a bar masa itatuwan kanya. Gyado ya ce a cike ramin maƙwabcinsa. Jimina ta ce ita dai a sauke kowa da kowa. Barewa tana kiran sunan ɗanta, hayaniya ta danne muryarta. Ana cikin haka Gizo, wanda Kura ta ba cinyar nama tun da dare, ya zagaya baya ya fasa rumbun fada, ya yi shela, "Ganima!" Masu yunwa suka afka. Dila ya matso kunnen sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai ka gani, ɓarayi ne." Aka saki kyarketai. Da yamma ta yi, an karya ƙafar Gada, an tattake 'ya'yan Kurege uku, an hana kowa fita. Kura ta mai da ƙwarya ɗaya biyu.

Aka koma gindin kuka, Biri da Kunkuru suna ta ɗora wa juna laifi. Sai tsohon Damo, wanda ko tari ba a cika jin ya yi ba, ya ɗaga kai ya ce, "Ku saurara, 'ya'yana. Kai Kunkuru, takardarka tana da baki, ba ta da ƙafa. Kai Biri, taronka yana da ƙafa, ba shi da baki. Sau ɗaya sarki ya tambaye mu abin da muke so, muka ba shi amsa ɗari. Kuma ina tambaya: wa ke kai hatsi rumbun fada?"

Tururuwa ta ce, "Mu ne, Baba."

"Wa ke kwashe mushe a bayan fada? Wa ke cire wa sarki kaska?"

Ungulu da Carki suka dubi juna.

A daren nan aka sake rubutu. Buƙata uku kacal: a sauke Kura, a soke kuɗin ruwa, a maido da 'ya'yan jingina. Kowa ya haddace, har ɗan Ɓera. Da asuba suka tafi gaba ɗaya, Kunkuru a kan bayan Giwa da takarda, suka zauna a ƙofar fada, ba mai ihu, ba mai taɓa ko tsinke. Bauna da 'yan'uwansa suka tsare gefe. Gizo ya lallaɓo zai nufi rumbu, Giwa ta sa hanci ta ɗaga shi sama, ta riƙe shi inda kowa zai gan shi.

Dila ya fito da fara'a ya miƙa hannu. Kunkuru ya ce, "A yi haƙuri, Sarkin Fada. Wannan a kunnen sarki za a karanta ta."

Kwana ɗaya, hatsi bai shiga fada ba. Kwana biyu, wari ya hana fadawa cin abinci. Kwana uku, kaska ta hana Zaki barci. Ya fito ido jawur ya ce, "Me kuke so?" Kunkuru ya karanta, dawa duka ta maimaita da murya ɗaya. Dila ya ce a kafa kwamiti, kowa ya koma gida tukuna. Damo ya ce, "Ranka ya daɗe, muna nan har kwamitin ya gama." Kafin la'asar Zaki ya sa hatiminsa, aka tuɓe rawanin Kura. 'Ya'yan jingina kuwa, waɗanda suka rage aka fito da su. Barewa ta duba, ta sake dubawa, nata ba ya ciki.

Don kada gara ta sake ci, Kunkuru ya sa aka zana alkawarin a ƙoƙon bayansa. Shi ne zanen da ake gani har yau. Ƙurunƙus kan kusu.

Mutane ma sun bi wannan hanya. Matan Abeokuta, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, sun yi ta rubuta koke kan harajin da aka ɗora wa mata ba a kula ba, sai da dubbansu suka tare a ƙofar fadar Alake, sarkin garin, a 1947. Aka janye harajin, Alake Ademola ya sauka a Janairun 1949. A Janairun 2012, da litar fetur a Najeriya ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, zanga-zanga ta haɗu da yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago a kan buƙata guda, gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Duk mai shirin kai kuka ga hukuma ya tanadi abu uku kafin ya fita: buƙatar da kowa zai iya faɗa, jama'ar da za ta tsaya a bayanta, da masu hana Gizo kusantar rumbu.