Zuwa ga Banufen ofishinmu, sarkin kwamitin shinkafa

Bawana! Ina fata hunturun Katsina bai gama tsaga maka leɓe ba, don tun da Disamba ta kama nake ganinka da rigar sanyi biyu da hular kunne, kana rawar ɗari kamar kifin da aka tsamo daga kogin Kaduna.

Labari ya iske ni cewa ranar da na tafi ta'aziyya Dutsin-ma aka yi taro a ofis, aka naɗa ka shugaban kwamitin walimar Kirsimeti. Da na ji sai da na yi salati. A damƙa wa Banufe kuɗin shinkafa? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan. Mutumin da gwamnati ta ga irin son da yake wa shinkafa har ta kai masa cibiyar binciken hatsi ta ƙasa Badeggi, dab da Bida, don kada ya yi kuka!

To, mu zo ga lissafi. Mu 26 ne a ofis, ka yanka wa kowa naira 4,000, kuɗi suka tashi 104,000. Sai ka ɗauki babur ka shiga gari neman wuri, ka dawo mana da shawara uku, kowace ta fi 'yar'uwarta ban dariya.

Ta farko, wani babban otal a GRA. Na ga takardar da suka ba ka. Kuɗin zaure kaɗai ya lashe abin da muka tara, kafin a zo ga kuɗin man janareta in an ɗauke wuta, kafin a zo ga abinci. Shi ma abincin na san shi: shinkafa cokali uku a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, da cinyar kazar da ko shaho ya gani zai ƙyale ta don tausayi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kake yabon wurin wai akwai na'urar sanyaya ɗaki. Mu biya kuɗin sanyi a watan da Allah ke raba shi kyauta? Kai da ke kwana da safa?

Ta biyu, wai mu ɗauki mota mu tafi bakin dam, ko Ajiwa ko Jibiya. Nan na gane ciwonka. Banufe in bai ga ruwa ba, loma ba ta wuce masa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke ɗaukar hayar bas biyu don a je a kalli ruwa? Kuɗin motar kawai zai cinye rabin kajin. Ga matan aure da za su ɗauko yara daga makaranta, ga hanyar da kowa ke son ya baro ta tun rana na sama. In kewar kogi ke damunka, zan sa a cika maka baho a ajiye gabanka.

Ta uku, wani gidan abinci wajen Ƙofar Ƙaura. Abincinsu ba laifi, farashi ma da sauƙi. Sai dai tebur shida ne, talabijin na ta ihun ƙwallo, masu Keke Napep na ta oda a ƙofa. Rabinmu za su ci a tsaye, kuma in Madam ta sashen kuɗi ta tashi yin godiya ba mai jin ta.

Ka zo in koya maka, don ba yau Katsina ta fara koya wa Nufawa lissafi ba. Aliyu Makaman Bida, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Jihar Arewa zamanin Sardauna, a Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ya yi karatu. Shi ya ɗauki darasi ya riƙe baitulmalin Arewa gaba ɗaya, kai dubu ɗari da huɗu ta hana ka barci.

Wurin da kake nema yana bayan tagar ofishinka. Ga farfajiya, ga itatuwan bedi uku, ga inuwa ba ko kwabo. A yi hayar rumfa ɗaya da kujerun roba, a yayyafa ruwa saboda ƙura, a shimfiɗa tabarmi ga masu son miƙe ƙafa. Sauran kuɗin duk su tafi tukunya. A sayo kaji da rai a kasuwa, a yanka a gabanmu, kowa ya ci hankalinsa kwance. A dafa shinkafa dafa-duka, a soya waina, a kawo zoɓo da kunun aya. Kifi kuma a sa maka guda biyu, kada ka kai ƙarata wurin sarkinku Etsu.

Lokaci kuwa, a fara bayan Azahar a tashi kafin La'asar. Kada ka kai mu 24 ga wata, don kafin nan masu bikin sun kama hanyar Kafanchan da Jos da Inugu, masu zuwa Malumfashi da Ƙafur ma sun tafi, sai mu zauna mu cinye walimar mutane ba su nan. A sa ranar aiki a mako na uku.

Sai batun karo-karo, kuma a nan ba wasa nake ba. Bai dace darakta da masinja su biya kuɗi ɗaya ba. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, in ka cire masa 4,000 ka taɓa cefanen gidansa. Manya su ƙara, maigadi da direba da mai shara su zo da cikinsu kawai. Abokan aikinmu Kiristoci kuwa kowace Babbar Salla suna zuwa gidajenmu barka, su ci soyayyen naman layya, ba wanda ya taɓa kama musu zaure. Abin da ke tsakaninmu zumunci ne, shi kuwa a ƙafa yake, ba a labulen otal ba. Katsina ɗakin kara ce, baƙo ba ya tashi da yunwa, ko da Banufe ne.

Saboda haka ka mayar wa masu otal takardarsu, ka kawo kuɗin gobe da safe a ƙirga a gaban shaidu, don na lura kumatunka sun fara cika tun da aka ba ka ajiyar. Ranar walima kai ne mai rabon faranti, kai ne mai wanke tukunya, kamar yadda aka gada tsakanin bawa da ubangidansa. Kuma kada ka manta, kuɗin sharar Cika-ciki na bara har yau ba ka biya ni ba. Ka haɗo da su.