Farfesan Samaru da Iyafis Ɗin Farm Centre

Bazazzagi, bawana, Farfesan Samaru wanda jami'a ba ta san da zamansa ba, ina gaisuwa. Labarinka ya iso, kuma kada ka wahalar da kanka neman wanda ya kawo, don har masu shayin Kwangila sun haddace shi. Ka shigo Kano a sace, ba ka zo ka gai da ubangidanka ba, ka zarce Farm Centre ka sayi iyafis marar igiya, fari tas, cikin ɗan akwatinsa mai murfi, ka koma Zariya kana tafiya kana karkata kai don jama'a su ga kunnenka. Ko sati bai rufa ba ka ɗauro ɗamara ka dawo a ba ka kuɗinka. A Kano! Kai, Allah ya bar mana ku, Zage-zagi, in babu ku da wa za mu yi dariya?

Mu fara daga ranar ciniki, don a nan aka yi maka aski. Yaro ya ce 8,000. Ka gyara tabarau ka taya 2,000. Ya ce albarka. Ka yi irin tafiyar nan ta ƙarya, taku uku kana jiran a kira ka, aka kuwa kira ka, ya sallama a 3,500 yana murmushi. Farfesa, duk ranar da Bakano ya sallama maka kaya da sauri haka har haƙoransa na waje, ba lokacin zaro kuɗi ba ne, lokacin karanta Falaƙi da Nasi ne. An ce ka tambaye shi, "Orijina ne?" ya ce, "Yallaɓai, mai kyau ne." Ka ji amsar da kunnuwan nan naka guda biyu, waɗanda za mu zo kansu, amma ka gyaɗa kai. Abin da aka kwaikwaya aka yi naka, wato AirPods Pro, dala 249 Apple ta sa masa ranar da ya fito a 2019. Kai da kake cika mana baki da lissafi, a wane canjin ne dala 249 ta zama naira 3,500? Ko a zamanin Shagari, lokacin da naira ta fi dala ƙarfi, sai ka yi da gaske kafin ka ga irin wannan garaɓasa a kan kayan da ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Kuma fa ba wani asiri a ciki. A birnin Shenzhen na ƙasar Sin akwai unguwar kasuwa da ake kira Huaqiangbei, benaye a kan benaye, akasarin abin da ake sayarwa kayan waya ne da na lantarki. Irin kayan nan mataki-mataki ake ƙera su. Kwali iri ɗaya, hoto iri ɗaya, cikin ne ya bambanta, kuma ɗan kasuwa yana faɗin abin da zai iya biya a haɗa masa daidai kuɗinsa. Ba a rage farin fenti, tunda shi ne ke kamo irinku. Abin da ido ba ya gani ake ragewa: 'yar sifikar da ke ciki da maganaɗisunta, batirin da ko a na kirki ma ɗan mitsitsi ne, makirufo, da ɗan guntun da ke karɓar sauti daga waya ta bulutut. Kowanne aka ɗan tsakure shi sai farashi ya sauko, har ya iso inda Bazazzagi zai iya miƙa hannu. Araha ba ta ado, amma wannan karon adon kaɗai ta yi.

To, sai ƙorafe-ƙorafenka, waɗanda aka ce ka rubuto a takarda har da lamba. Wai in kana kallon fim sai bakin jarumi ya gama motsi sannan magana ta iso. Wai in ka kira Hajiya sai ta ce tana jin ka kamar wanda ya faɗa rijiya. Wannan kam ban ga laifin iyafis ba, baiwar Allah ta samu hutu ne, kuma na tabbata ba ita ta ce ka mayar ba. Babban kukanka kuma shi ne ganga ba ta fita, sauti siriri, babu duka. A nan nake so ka zauna, ka cire hula, ka saurari ubangidanka.

Irin wannan iyafis ɗin ana sako masa 'yan robobi na baki, ƙarami da matsakaici da babba. Ba kwalliya ba ce. Sautin ganga ba ya zama sai robar ta toshe ƙofar kunne ruf, in akwai 'yar kafa ta gefe sai ya zurare, a bar ka da ƙarar kuge. Ko na dala 249 ɗin ka saka da robar da ta yi maka kaɗan, haka za ka ji shi fayau. Kai kuwa, Allah ya yi maka baiwar kunne, tun muna yara ake hango ka daga nesa da su. Da matsakaiciyar roba ka yi ta fama. Babbar tana cikin kwali, kwalin kuma ka ba yara sun yi mota da shi tun daren farko. Ban faɗa don cin fuska ba, kunnuwan sun yi maka kyau, su ne ma suke riƙe maka hula.

Amma kada ka ce Bakano ba ya adalci. Batun caji kana da gaskiya. In kwali ya yi alkawarin awa shida, kaya kuma ya mutu kafin a gama labaran rana, wannan aibi ne, ba son rai ba. Kuma dokar da ka buga a takarda ka riƙo a hannu ba ƙarya ba ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka yi tun 1992. Ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da ya gaza ingancin da ya kamata, a gyara masa, ko a canza, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun nan da ake bugawa a gindin rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, hukumar ta sha faɗin cewa ba ya soke haƙƙin kowa. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Duk na yarda. Tambayata ɗaya ce: alkawarin awa shidan a jikin me aka rubuta shi? A jikin motar yara. Rasit fa? Ba ka karɓa ba, kana sauri kada yaro ya gane ya yi asara ya fasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba wannan ba ne. Kai ɗan garin malamai ne, garin Kona da Juma, inda ake zuwa daga nesa a durƙusa a zaure a karanta fiƙihu. Ko ta ƙofar zauren ba ka taɓa wucewa ba? Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan magana. In ka sayi kaya ka tarar da tsohon aibi da aka ɓoye maka, wanda ke rage masa daraja, kana da zaɓi, ka riƙe ko ka mayar. In kuwa lafiyarsa ƙalau, kai ne dai ka kwana ka tashi ka ji ya fita daga ranka, to ba ka da haƙƙi, sai roƙo. Mai kaya ya ga dama ya karɓa don Allah, shi ne iƙala, kuma lada ce gare shi, ba bashi ba ne a kansa. A mazhabarmu ko zaɓin nan na kafin a rabu a wurin ciniki ba a aiki da shi, da an ce na saya, na sayar, magana ta ɗauru. Ƙofar da aka bar wa mai wayo ita ce sharaɗi tun kafin kuɗi ya bar hannu. Shi ya sa za ka ji Bakano ya ce, "Zan je in gwada zuwa jibi, in bai yi mini ba zan dawo maka da abinka," mai shago ya ce ba komai, maƙwabcinsa na ji. Numfashi ɗaya ne, kyauta. Kai ka haɗa aibi da son rai a takarda guda, ka zo kana neman alfarma da muryar mai bin bashi.

Yadda aka yi a kasuwar kuwa, kada ka musa, yaron shagon ƙanin maƙwabcina ne. Ka sauka a Unguwa Uku da babbar riga, ka hau Adaidaita Sahu, ka shiga layin, ka tsaya a gaban wani bawan Allah ka buɗe takarda ka fara karanto masa doka sashe-sashe da Turancin Samaru. Ya bar ka ka kai aya, har ya miƙo maka ruwan leda, sannan ya ce, "Malam, ni fa gilashin waya nake sakawa." Shagunan duk kama ɗaya suke yi wa baƙo, na sani, ba laifinka ba ne, laifin wanda ya bar ka ka fito kai kaɗai ne. Da ƙyar aka gano yaron, ashe ma ba shagonsa ba ne, ɗan kamasho ne, ya karɓo a wurin wani Alhaji ya ɗora nasa. Ka ɗaga murya ka ce, "Matana ma ya ce ba ya ji na!" Nan take kasuwa ta gane daga inda aka fito, aka fara murmushi, wani ya jawo maka benci. Ka ga amfanin wasan da ke tsakaninmu: da wani ne ya yi wannan hayaniyar da tuni an kira shugaban layi, kai kuwa aka ce a bar shi, bawanmu ne.

Alhajin ya karɓi iyafis, ya dubi kunnenka, ya sake duban iyafis, bai ce komai ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko babbar roba ya saka, ya ce gwada. An ce har ka fara kaɗa ƙafa kafin ka tuna faɗa ka zo yi. Ka koma kan caji, ya ce wannan gaskiya ne, irin na wannan kuɗin haka suke, da ka tambaye shi da ya gaya maka. Sannan ya faɗi abin da kowane ɗan kasuwa yake faɗa daga Kwari har Wambai: "Yallaɓai, kuɗi kam ya riga ya shiga kaya. Sai dai a yi maka canji." Ya ɗauko wani mai suna, mai ɗan tambarin da ake kankarewa a duba lamba a tabbatar ba jabu ba ne, mai garanti a rubuce. Ya ce ka yi ciko. Farfesa, ka yi ciko. Mutumin da ya taso daga Zariya don ya karɓi 3,500, shi ne ya zaro 9,000 ya ɗora, ya yi godiya, har ya karɓi lambar Alhaji wai zai turo masa abokan aiki.

Ni ban ce an cuce ka ba, wannan na biyun kaya ne na kirki, kuma wannan karon ka karɓi rasit, na yaba. Lissafin ne dai nake so ka yi wa ɗalibanka a allo. Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, zuwa kaɗai ban da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Ka sa na Adaidaita. Ka sa tsiren da aka gan ka kana ci a Kwanar Dangora don huce haushi. Ka sa yinin da ka bar aiki. Duk wannan alhali ga PZ nan a bakin ƙofarku, cike da masu kayan waya, inda in an sayar maka da irinsa ko a ƙafa ka koma. Amma ina, dole sai na Kano, don a ce daga birni aka sayo. Wannan kam mun gode, ba mu taɓa cewa ku daina ba.

Saura haƙƙina. Sau biyu kana shigowa garin nan ba ka zo ka kwashi gaisuwa ba, ga kuɗin sharar bara har yau shiru, ga watan cika-ciki na tafe. Ka haɗa duka ka aiko, kuma ba na karɓar canji, ba na karɓar iyafis. In kana da bakin ramawa, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa, edita ya ce zai gyara maka "ya" da "ta" kyauta. Ka rubuto a takarda dai. Kada ka kira ni da sabon nan sai an fara gwada shi a kan Hajiya ta tabbatar ka fito.