Golanmu Ya Girmi Kansa da Shekara Tara

A garinmu, can gefen dajin Falgore, duk mai biro a aljihun gaba shi ne sakatare. Ni kuwa malamin firamare ne, bayan biro har jaka mai zif gare ni. Don haka da wani mai neman kujera ya sa kofin 'yan ƙasa da shekara 15 bayan girbin 2024, aka ce ƙungiyoyi su fito daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ko shawara ba a yi da ni ba. Koci ya dire min takardar sharuɗɗa a kan benci, ya ce, "Malam, wannan aikinku ne na 'yan boko."

Kowane yaro ana son hoton fasfo biyu, da shaidar mai unguwa, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu ita sai takardar rantsuwar shekaru daga kotu. Hoto bai ba mu wahala ba, farin zanen gado muka rataya a jikin katanga, mai waya ya yi ta ƙyastawa. Mai unguwa kuma ya buga hatimi ba tare da ya ɗago kai ba. Takardar haihuwa ce ta tsaya mana a wuya. Yawancin yaranmu a ɗaka ungozoma ta yanke musu cibi, shekarunsu kuma suna wurin iyaye mata. Wannan an haife shi "shekarar da masara ta yi tsada", kamar akwai wadda ba ta yi ba. Wancan kuwa "ana haƙar dankali".

Mutum ɗaya ne ba shakka a kansa, golanmu, ɗan yayata. Da na tambaye ta ko tunani ba ta tsaya yi ba: "Ranar sunansa aka wayi gari da rasuwar 'Yar'aduwa. Maza duk suka tare a gindin rediyo, har mahauci sai da aka aika masa." Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu daren 5 ga Mayu, 2010, aka yi jana'izarsa washegari a Katsina. Ke nan yaro ɗan ƙarshen Afrilu ne, shekararsa 14 da 'yan watanni. Laifinsa ɗaya, ya ɗebo tsawon dangin ubansa, yana taɓa sandar raga ba tare da ya yi ɗage ba.

A ƙofar wata kotu na sami mai buga takardu a gindin darbejiya, da kwamfuta da ɗan janareto. Bai tambaye ni shekarar yaro nawa ba, cewa ya yi, "Shekara nawa ake so?" Na leƙa takardun da ke gabansa, duk mutanen ciki ranar 1 ga Janairu aka haife su, ungozomomi dai ba sa ganin barci a wannan dare. Na ce ni ta gaskiya nake so, Afrilu 2010. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ka cika tsirfa." Ya buga, ya shige da ita ciki, ya dawo da ita cikin ambulan a liƙe, ya gargaɗe ni cewa in aka buɗe kafin a je gaban kwamiti rantsuwa ta karye.

Ranar tantancewa a Tudun Wada, yara suka riga ni tafiya a bayan a-kori-kura, ni kuma daga tasha na hau acaɓa. Ɗan acaɓan nan bakinsa bai huta ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 bai ga daidai ba, ga yara biyu a Islamiyya, ga amarya da ciki. Ya yi zaɓe a 2019, ya sake yi a 2023, ba abin da ya gani a ƙasa. Har katin zaɓen ya zaro da hannu ɗaya ya kaɗa min ta bayan kafaɗa, muka kusa faɗa wa mai rake.

Ciyaman ɗin kwamiti mutum ne mai sauraron labarin wasanni, ya kuma ji labarin MRI. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda har Kano ta karɓi wasu wasannin, FIFA take amfani da wannan na'ura wajen duba ƙashin tsintsiyar hannu: in ya gama haɗewa, yaro ya wuce wurin. Da ita aka tankaɗe 'yan wasan Golden Eaglets 26 a 2016, Nijar ta zo ta yi waje da ragowar. To Ciyaman ba shi da na'ura, amma yana da babban yatsa. Sai ya kama hannun yaro, ya runtse ido, ya danna, ya yi shiru kamar mai taya rago a kasuwa, sannan ya ce "Wuce" ko "Koma gefe." Na kusa da shi yana duba ƙwauri da zakaran wuya.

Da layi ya zo kan golanmu, Ciyaman ya ɗaga kai har hularsa ta zame. Na yi murmushi na miƙa ambulan. Ya farke, ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙo min. Afrilu tana nan daram, amma a maimakon 2010, yatsan mai kwamfuta ya rubuta 2001, ga hatimi ja a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, lambobi ne suka yi musaya. Ga uwarsa nan da ranta, ga 'Yar'aduwa..."

"Allah Ya jiƙan 'Yar'aduwa. Malam, kai da kanka ka kawo mana rantsuwa cewa shekararsa 23. Mu ƙaryata kotu?"

Yaro ya matso kusa da ni ido ya cika da ƙwalla, ya ce, "Kawu, yanzu na girmi Yaya Babba ke nan?"

Ina cikin lallashinsa sai ga abokan karawarmu sun jeru. Mai lamba tara ya sha aski tas, haɓa sai ƙyalli take, ya ɗan ranƙwafa don ya rage tsawo. Ɗan acaɓana ne. Babur ɗinsa ma yana jingine a gindin mangwaro, injin bai huce ba. Takardarsa kuwa ba tabo: 1 ga Janairu, 2011. Ciyaman ya danna masa hannu, ya runtse ido, ya ce, "Wuce, ɗan samari."

Nan take na rubuta ƙorafi, na biya kuɗin ƙorafi wanda ba a mayarwa. Na tuna wa kwamiti cewa a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda shekarun 'yan wasa uku da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da na takardunsu na baya, har aka ƙwace mana baƙuncin gasar 1991. Na ƙara da cewa ko a Amurka, a 2001, da aka gano Danny Almonte na wasan besbol ɗin yara shekararsa 14 ba 12 ba, soke duk nasarorin ƙungiyarsa aka yi. Ciyaman ya ce an gode da ƙarin ilimi, ina hujja? Na ce a sa shi ya zaro katin zaɓen da ke aljihunsa. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sakatarensu ya karanto sharuɗɗa daga farko har ƙarshe, ya ce ba inda aka ambaci katin zaɓe, saboda haka kwamiti ba shi da hurumin kallonsa. Wai ai yara ba sa zaɓe.

Muka tsayar da wani ɗan aji shida a raga, safar hannun ta kai masa gwiwar hannu. Shida da nema aka yi mana, huɗu daga ƙafar mai lamba tara. Golanmu na gaskiya yana bayan raga yana tsinto musu ƙwallo.

Da magariba a-kori-kura ta cika ta tafi, babur ɗaya ya rage a filin. Ya ce kuɗin komawa ninki ne, don ƙafafunsa sun gaji. Muna tafe ya waiwayo ya ce, "Malam, kar ka riƙe ni a zuciya, buhun taki aka yi min alkawari. Ka ajiye lambata, na ji baɗi na 'yan ƙasa da 13 za a sa."