Rabe-raben Masu Gyaran Silo a Dawakin Tofa

Silo, a bakin direbobi da makanikai, shi ne ɗan juyin da inji ke yi da kansa sa'ad da mota take tsaye kuma an ɗauke ƙafa daga totur, wanda a yawancin ƙananan motoci bai wuce juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya ba. Motar da ta rasa silo tana tafiya lafiya lau muddin ana taka ta, amma da zarar ta tsaya ɗaukar fasinja a Tumfafi, ko ta faɗa cunkoson manyan motoci a bakin kasuwar hatsi ta Dawanau, sai ta yi karkarwa ta mutu. Musabbabin ciwon ba shi da yawa, domin inji ba ya neman komai face iska da mai da wuta bisa ƙima: ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe matatar iska da maƙogwaron totur, ko wani tiyo ya tsage yana shigar da iskar da ba a auna ba, ko famfon mai ya gaji, ko fulogi ya cinye. Masu maganin ne suke da yawa, kuma ana iya kasa su aji-aji.

Wanda ya fi yawa shi ne mai ɗaga silo, wanda sukundireba guda ce jarinsa. A jikin kafireto, wato na'urar da ke gauraya mai da iska a tsofaffin motoci irin akori-kura ƙirar Peugeot 504, akwai wani ɗan ƙarfe mai zare da ke hana totur rufewa ruf, shi kuwa yakan yi ta murɗa shi har motar ta riƙa ruri a tsaye kamar injin niƙa. Mutuwa ta daina, ciwon yana nan daram, shan mai ya ƙaru. Martabarsa ta ragu tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, lokacin da direbobi suka soma jin wannan rurin a aljihunsu.

Mai canji ya fi shi tsari da tsada, domin aƙidarsa ita ce kowane ƙarfe mai laifi ne har sai an sauya shi. Yakan fara da fulogi, ya koma koyil, ya gangara famfon mai, kuma kowane mataki yana nufin tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa cikin birni, tare da faɗin, "Alhaji, wannan ma ya gaji, gara a huta da shi." Gajiyayyen kayan yakan shiga wata akwati a ƙuryar gareji, inda yake hutawa har wata motar ta zo. Idan silo ya dawo, wanda sau da yawa yakan faru ne saboda yaron ya mayar da wani sakakken tiyo mazauninsa ba da sani ba, yabon yakan tafi ga kayan da aka saya a ƙarshe, kuma shi ne mafi tsada.

Mai baki ya cancanci adalci, domin aikinsa yana kusa da gaskiya. Yakan kwance kafireto ya jera gaɓoɓinsa a kan kwali, ya wanke su da fetur a gwangwanin madara da tsohon buroshin haƙori, sa'an nan ya ɗaga ɗan bututun silo sama yana leƙen rana ta ƙofarsa, ya kafa baki ya hura. Ƙofar nan ƙanƙanuwa ce ainun, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe inji, saboda haka hurawar takan yi magani. Aibinsa biyu ne: yakan zare silin waya ya sosa ƙofar har ta buɗe fiye da ƙima, kuma yakan kurɓi fetur ya furzar ya yanke hukunci a kan ɗan bumburutun da aka saya a wurinsa, hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a kansa.

Mai kwamfuta matashi ne, kuma yakan jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari ya karanto saƙon ƙwaƙwalwar mota da Turanci. Idan saƙon ya ce iska ta rinjayi mai, shi yakan fassara da cewa sensa, wato ma'aunin da ya kawo rahoton, ita ce ta lalace. Akori-kura, da ba ta da wurin jonawa, a ganinsa ba mota ba ce.

Akwai kuma direban da ya yi sulhu da ciwon, yana taka birki da yatsu da totur da diddige, ba ya tsayawa sai a gangare, fasinjojinsa kuma sun san bayan kuɗin mota akwai turi. Mazauna benci, masu ɗora laifin a kan kambun baka, ba sa karɓar ko sisi, kuma shawararsu ta yi daidai da farashinta.

Mafi ƙaranci shi ne mai kunne. Yakan bar inji a kunne ya sunkuya yana neman shishitar iska, ya bi tiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana fesa musu ruwan wankin kafireto, kuma inda muryar injin ta canza, nan ɓarakar take. Sai ya yanke tsagaggen bakin da reza ya mayar. Gareji irin nasa ba ya bunƙasa, domin mai motar da ya zo da kuɗin famfo a aljihu yakan raina gyaran reza, ya miƙa na goro yana cewa "Malam, a yi haƙuri da wannan," sa'an nan ya zarce wajen mai canji domin a duba masa motar da kyau.