Ranar Da Banufe Ya Ba Ni Sitiyari A Legas

Yayan matata, wanda duk gida muke kira Yaya Alhaji, ɗan canji ne a Legas, kuma yana cikin mutanen nan da kuɗi ke yi wa ƙaiƙayi a aljihu. Wasu in sun samu su ƙara aure, wasu su sayi dawaki. Shi jirgin ruwa ya saya, fari fat, dogo siriri, da injuna biyu rataye a gindinsa, kowanne mai ƙarfin doki 250. Da na je Legas cikin watan Agusta ya ce lallai sai ya kai ni Tarkwa Bay, wani bakin teku da ba a zuwa sai ta ruwa. Na ce bismillah. Ni da na yi shekaru ina jan tirela daga Katsina zuwa Apapa, na sha ramukan Mokwa zuwa Jebba cikin damina, ɗan kwale-kwale ne zai ba ni tsoro?

Rigimar ta soma ne daga direban jirgin. Banufe ne ɗan Pategi, garin da ake gasar tseren kwale-kwale, ni kuma Bakatsine, mai karatu ya san wasan barkwancin da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni. Yana jin harshena ya washe baki.

"Alhaji, ashe bawana ka kawo mini yau?"

Na ce, "Banufe, ubangidanka ne ya zo, share mini kujera."

Maimakon kujera sai ya miƙo mini rigar ruwa mai ruwan lemo, ya ce dokar Legas ce, ba mai shiga jirgi sai da ita. Na ɗora ta bisa babbar rigata ta shadda, na gyara zaman hulata zanna bukar da na sayo a Maiduguri, muka tashi.

Ta mashigin da ya raba Ikoyi da Victoria Island muka bi, muka wuce ƙarƙashin gadar Falomo, ruwa kwance lumui. Banufe ya tura totur, hancin jirgi ya ɗaga sama har ya tare mana gaba, can kuma sai ya kwanta, jirgin ya hau bisa fatar ruwa yana zamiya. Ya ce haka irin wannan jirgi yake: in ya sami gudu ba ya tsaga ruwa, hawansa yake yi, ɗan gindinsa kaɗai ke taɓawa. Na duba na ga sitiyari ne dai irin wanda na sani, sai na ce a ba ni. Yaya Alhaji, Allah ya saka masa, ya ce, "Ba shi mana, ai tsohon direba ne."

Banufe ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Bakatsine, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Sannan ya hau yi mini karatu. Wai jirgi ba shi da birki. Wai da gindi yake juyawa, ba da kai ba. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin totur, ya ce shi ke ɗaga injin ko ya sunkuyar da shi: in ka danna ƙasa hancin jirgi ya duƙa ya yanki igiyar ruwa da kaifin ƙirjinsa, in ka danna sama hanci ya tashi, gudu ya ƙaru, amma sai ruwa na kwance. Ya ɗaura mini wata jar igiya a gwiwa, ɗaya bakin maƙale a wajen makulli, ya ce in direba ya faɗa ruwa ita ke kashe injin. Daga ƙarshe ya ce hannuna na dama kada ya bar totur ko da sunana aka kira. Ni dai ina ta cewa to, to, don ban ga abin da Banufe zai koya wa Bakatsine ba.

Muna fita daga mashigin muka karya hagu zuwa babbar hanyar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa, sai na ga duniya ta sake. Abin da ba wanda ya gaya mini, kuma shi ya sa nake cewa maƙarƙashiya aka shirya, shi ne lokacin janyewar ruwa ne. Sau biyu a yini teku ke cika tana janyewa, in ta janye, duk ruwan tafkin Legas da wanda kogin Ogun ya zubo masa sai ya yi tururuwar fita ta wannan ƙofa guda, tsakanin dogayen katangun duwatsu da Turawa suka jera tun farkon ƙarni na 20. A watan Agusta kuma iska daga kudu maso yamma take busowa, ta turo igiyoyin teku ciki. Mai fita da mai shiga su yi karo, ruwa ya miƙe tsaye, igiyoyi gajeru masu tsini, wata bisa wata, ba tazarar da jirgi zai numfasa.

To ni ilimin da nake da shi na gargada ne, kuma kowane direba zai shaide ni: in hanya ta yi burji-burji, gudu ne maganinta. Na danna totur har ƙarshe.

Igiya ta farko muka haye ta lafiya. Ta biyu ce ta cilla mu. Na ji injuna sun kwarma ihu, ashe farfela ce ta fito fili tana juyi a iska ba abin da ta kama. Banufe na ihu, "Rage! Rage!" Kafin in tuna inda hannuna yake mun dawo, tim! Mutane na ganin ruwa abu ne mai laushi saboda da shi ake alwala. Ku faɗo masa da gudun kilomita 60 tukuna. Sai da na ji kowane ƙashi na gadon bayana ya gaisa da maƙwabcinsa. Yaya Alhaji kuwa ya zaɓi kujerar can gaba, don nan ce ta masu jirgi, kuma nan ce ta fi ko'ina tsalle. Ya tashi sama shi da kular dambun naman da aka haɗo mana, ya riga kular saukowa.

"Danna ƙasa!" in ji Banufe. Na danna. Shi ya ce sama na danna, ni kuma har gobe ina cewa maɓallin ne aka sa a juye. Jirgi ya shiga sallama da kai, ya ɗaga ya buga, ya ɗaga ya buga, ba ƙaƙƙautawa. Da na ga abin ya ƙi, sai na yi abin da hankali ya ba ni, na janye totur gaba ɗaya lokaci guda. Jirgi ya dulmiya ya tsaya cak, ruwan da muka taso a bayanmu ya iso, ya haye ta gindi ya zubo mana har idon sawu. Na murɗa sitiyari in koma inda muka fito, muka ba igiya haƙarƙari, ta soma jijjiga mu hagu da dama. Yaya Alhaji ya bar kiran sunana, ya koma salati.

Cikin wannan hali ne iska ta ɗauke mini hula. Duk wanda ya san kuɗin zanna bukar ta gaske ba zai zarge ni ba. Na saki sitiyari na yi taku ɗaya in cafe ta, jar igiya ta fizge, injuna biyu suka mutu murus.

Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi. Sannan muka ji hon, mai kauri, gajere-gajere har sau biyar. Na waiwaya na ga jirgin kwantena ya doso mu, tsayinsa ya fi benayen da na sani a Katsina. Daga baya Banufe ya ce a ƙa'idar masu jirgi busa biyar na nufin ban gane abin da kake yi ba. Na ce ai ko ni a lokacin da ya tambaye ni ba zan iya ba shi amsa ba.

Banufe bai ce uffan ba. Ya kwance igiyar daga gwiwata ya ɗaura a tasa, ya mayar da maƙalin, ya tayar, ya fitar da mu daga hanya. Daga nan na zauna ina kallonsa, kuma ko da yake Banufe ne, gaskiya ɗaya ce. A tsaye yake tuƙi, gwiwa a ɗan lanƙwashe kamar mahayi a likkafa ranar hawan sallah. Ba ya tunkarar igiya kai tsaye, ba ya ba ta gefe, sai ya ɗauke ta a karkace. Yana hawa ya ƙara wuta, yana kaiwa tsororuwa ya sassauta, jirgi na taɓa ruwa ya sake turawa, hannun nan bai huta ba ko daƙiƙa. Idonsa kuma ba ya kan igiyar da ke gabansa, yana can kan ta uku da ta huɗu, yana zaɓen inda zai bi. Sitiyarin da na ƙwallafa rai a kai da 'yan yatsu yake riƙe shi. Gudun bai kai rabin nawa ba, amma ko ɗigo bai ƙara shigo mana ba.

Da muka sauka Tarkwa Bay, Yaya Alhaji ya zauna bisa rairayi yana tsince dambu daga gemunsa, ya ce in har ina son aurena da ƙanwarsa ya ɗore, kada in sake taɓa ko da igiyar ɗaure jirginsa. Banufe kuwa sai kewaya ni yake yana cewa bawa ya so kashe ubangidansa. Na ce masa in yana da gaskiya ya zo Katsina in ba shi tirela cike da siminti, ya juya ta baya a cikin tasha ranar kasuwa. Ya ce shi ba ya hawa abin da ke da birki, na ragwaye ne.

Da yamma, bayan ruwa ya soma cika, muka dawo. Na zauna can baya kusa da injuna inda jirgi ya fi natsuwa, Yaya Alhaji ma ya sauko daga kujerar masu jirgi ya matse kusa da ni. Sati guda na yi ina sallah a zaune.

Jama'a, duk wanda harka ta kai shi bakin ruwan Apapa ya ga wani matuƙin kwale-kwale sanye da zanna bukar mai ruwan toka da ɗinkin shuɗi, lamba 23, tawa ce. A karɓo mini, akwai tukwici.