Mazurarin Guguwa da Baƙin Alƙalami

Tun 2002 Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka take zana wata siffa mai kama da mazurari a taswira, wadda ke nuna inda tsakiyar guguwa za ta iya bi, kuma tana faɗaɗa ne saboda shakkun masana na ƙaruwa da nisan kwanaki. Jama'a kuwa sukan ɗauka guguwar ce ke ƙiba, wanda gidansa ke wajen layin ya yi ta sharar barci, alhali tsakiyar takan kauce wa mazurarin kusan sau ɗaya cikin uku. A Satumban 2019 Shugaba Trump ya nuna taswirar guguwar Dorian da aka ƙara wa mazurarinta ƙusumbi da baƙin alƙalami har ya taɓo jihar Alabama. Guguwar dai ba ta je ba.