Birki Na Rawa, Kowa Da Fassararsa

Motar da ta shekara tana zirga-zirga tsakanin Salaga da Yendi, ko tana bi ta Gushegu da Nakpanduri zuwa Bawku, ba makawa wata rana birkinta ya fara magana. Maganar ba ta da wuyar ji. Ka ɗora ƙafa a kansa, ya riƙa ture maka tafin ƙafa yana ɗar-ɗar-ɗar, wani lokaci sitiyari ya taya shi. Ciwon ɗaya ne, amma masu fassara shi a tasha da gareji sun fi motocin yawa.

Wanda ya fi kowa yawan zuri'a shi ne Malam Hanya-Ce. Direba ne, kuma a wajensa motarsa ba ta taɓa laifi ba tun ranar da aka ƙera ta. Birki ya yi rawa, hanya ce. Ƙofa ta ƙi rufuwa, hanya ce. Yana da hujjarsa, domin wanda ya sha gargadar jan ƙasa a wannan yanki ya san tana kwance notin da ko sifana ta gaza kwancewa, kuma babbar hanyar nan ta gabas da ta taso daga Tema ta ratsa Bimbilla da Yendi har Kulungugu ta daɗe tana cin alkawarin 'yan siyasa. Sai dai ka hau da shi kwalta mai sulɓi, ya taka birki, rawar ta dawo. Ka dube shi. Zai gyara hula ya ce, "Ai ta saba ne, maigida. Jikinta bai manta ba." Da zai yarda ya saurara, tambaya ɗaya ta raba gardama: motar na rawa ko ba a taɓa birki ba, ko sai an taka? In tana yi da kanta a wani mizanin gudu, a duba taya da wili, wataƙila wili ya lotsa ko taya na son balansin. In sai an taka, to a bar gwamnati ta huta, maganar tana cikin birki.

Kishiyarsa shi ne Alhajin da ya sayi mota daga Tema makon jiya. Shi komai ya ji, mota ta lalace. Akuya ta gifta masa a kan tsakuwa, ya danna birki da ƙarfi, birkin ya yi gurnani yana bugun ƙafarsa. Alhaji ya ɗage ƙafa yana salati, akuya ta tsira da ikon Allah, shi kuma ya kwana yana neman dillali a waya. Alhali motar aikinta ta yi. Na'urar ABS ce, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes suka fitar kasuwa a 1978, take kama taya tana saki sau da dama a cikin daƙiƙa guda don kada ta daskare ta ja mota cikin kwari. Abin da ake so a lokacin shi ne a ƙara danne ƙafa, a riƙe sitiyari. Inda za a damu shi ne ta riƙa wannan bugu a kan busasshiyar kwalta mota na tafiyar hawainiya, ko fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa. Galibi ɗan ƙarfen da ke ƙirga juyin taya ne ƙura da tsatsa suka rufe, ko wayarsa ta tsinke. Allah Ya sa kada Alhaji ya faɗa hannun fitan da maganinsa shi ne zare ƙwan fitilar. Akwai su, kuma suna karɓar kuɗin aiki cif.

Sai gwanin gangaren Nakpanduri. Wanda ya taho daga Yendi zai nufi Garu da Bawku dole ya sauka daga kan dutsen nan na Gambaga, hanya tana lanƙwasa tana gangarawa. Gwanin namu yakan zare giya tun daga sama don tattalin mai, ya jingina dukan nauyin mota da buhuna da fasinja a kan ƙafarsa ta dama. Kafin ya kai ƙasa ƙauri ya cika mota. Ya tsaya, ƙafa na nan danne a kan birki, ya ƙwalla wa yaron mota kira: "Kai, kawo piya wata!" Yaro ya fasa leda ya tsiyaya a wili, tururi ya tashi, fasinja suka yi ta yaba kula irin ta direba. Bayan kwana biyu birki ya soma rawa, gwani ya yanke hukunci cewa ƙarfen zamani ba shi da albarka, faifai ya lanƙwashe. Yawanci ba lanƙwasa ba ce. Fad ɗin da aka danne a kan faifai mai zafi yakan bar wani abu daga jikinsa manne a wuri guda, kamar ƙanzo a gindin tukunya, kuma duk juyin da taya ta yi sai fad ya ci karo da wannan tudu ya aiko wa ƙafa saƙo. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi kuwa yana iya tsaga shi. Man birki ma yana da iyaka: sabon DOT 3 yana tafasa a wajen digiri 205, DOT 4 a 230, kuma wanda ya tsufa ya sha danshin damina tun yana ƙasa da haka yake tafasa. Ranar da ya tafasa birki ba ya rawa, nutsewa yake yi har ƙasa shiru. Giya ta biyu daga saman dutse ta fi wannan araha.

Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga suna komawa ƙasar Hausa da goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa garin, ba su san wannan damuwa ba. Jaki in ya ga gangare shi ke yanke wa kansa shawara, madugu sai haƙuri.

Akwai mai laifin da ba a taɓa tuhuma, wato yaron mai faci. Yaro ne mai ladabi da son a yaba masa. In ya mayar da taya sai ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle har noti ya yi kuka. Na farko ya sha tsalle uku, na biyu ya sha biyu, kafin a kai na ƙarshe an kira shi cin abinci. "Masta, wannan ko Kumasi za ka ba ta kwancewa." Gaskiya ya faɗa, ranar da ka yi faci a daji za ka tabbatar. Amma notin da aka ɗaure wani ya fi wani ƙarfi yana karkatar da zaman faifai, haka ma jan laka ko tsatsar da aka bari tsakanin faifai da mazauninsa. Karkatar da ido ba ya gani ta isa faifai ya riƙa gogar fad a gefe guda, wata da watanni, har kaurinsa ya bambanta. Ƙananan motoci da yawa ɗaurin da suke so bai wuce Nm 100 zuwa 120 ba, a bi noti ana tsallake ɗaya, ba a jere ba. Lokacin da rawar za ta bayyana an manta da yaro, har an ba shi tukwici.

A gareji kuwa sarauta ta Masta Canza-Duka ce. Ba ya hawa mota ya gwada, ba ya cire taya. Yakan zagaya ta sau ɗaya, ya shuri taya da ƙafa, ya girgiza kai irin na wanda ya zo ta'aziyya. "Alhaji, Allah ne Ya kawo ka da rai." Daga nan sai karatu: faifai biyu, fad, boris, shokozoba, alaimen. Kaya kuma ba a garin suke ba, sai an buga waya Suame Magazin a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara, a ɗoro su a motar dare. Da yake ya canza komai, yakan dace ya canza abin da ya lalace, shi ya sa sunansa ya kai ƙauyuka. Ƙaninsa, Masta Lallaɓa, hanyarsa daban. Fad kaɗai yake canzawa a kan tsohon faifai, ko ya ɗauko giranda ya goge faifan da hannu yana kanne ido ɗaya. A jikin kowane faifai masu ƙira sun buga mafi ƙarancin kaurin da ya halatta, amma Masta Lallaɓa bai taɓa kankare tsatsa ya karanta ba, don kada ya ga abin da zai ɓata masa ciniki.

Fasinja ma ba a bar su a baya ba. Ga tsohon da ke kujerar gaba, wanda ya tabbata hannu ne aka sa wa motar, don ya lura a daidai wata tsamiya take fara rawa. Bai lura tsamiyar a bakin gangare take ba. Ga Hajiya mai albasar Bawku, wadda ta cika but da rufi har bayan mota na shafar ƙasa, tana cewa, "Direba, ni dai a kai ni kafin kasuwa ta watse, in ya so ta yi ta rawarta." Ga ɗan makaranta a kujerar baya da YouTube a hannu, ya gano ciwon tun kafin a bar tasha, sai dai motar da ke cikin bidiyon ba ta taɓa ganin Gushegu ba.

Na bar guda ɗaya, don shi ne mafi ƙaranci. Dattijon fita ne mai rumfa a bayan tasha, ba ya ɗaga murya. Kafin ya taɓa sifana sai ya gajiyar da kai da tambaya. A wane gudu take yi? Sitiyari ne ke kaɗawa, ko a kujera kake ji? In sitiyari ne, gaba zai duba, in kujera ce, baya. Wa ya cire taya na ƙarshe? Sai ya ce ku zaga tare. In kun dawo ya kai bayan hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi ya san birkinsa na maƙalewa bai saki. Ya ɗaga mota a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga don jin ko boris ya yi sako-sako. Yana da ɗan agogon awo a cikin tsumma, ya kafa shi a fuskar faifai ya juya a hankali, allura in ta haura kusan milimita 0.05 sai ya yi tsaki. Sau da yawa ƙarshen binciken shi ne a cire faifai, a kankare tsatsa da burushin ƙarfe, a mayar, a ɗaure noti daidai.

Matsalarsa ke nan. Alhaji ya ba da rabin yini yana zaune a benci, a ƙarshe an ce masa ba abin da za a saya. Ya ƙirga 'yan sidin da aka nema ya miƙa, fuska ba walwala.

"Baba, wai shi ke nan? Ko noti ba a canza ba?"

"Shi ke nan, Alhaji. Sai dai ka hana yaron nan hawa sifana."

Alhaji ya yi godiya, ya tada mota, ya zarce rumfar Masta Canza-Duka don a duba masa da kyau.